Ranar Da Gwaggo Ta Gan Ni A Jikin Motar Gawa

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Lanu, ki ja bakinki ki yi shiru har a yi biki, daga baya kya faɗa musu," na gode da shawara, amma kun makara. Asirina ya tonu ranar Lahadi, a kan teburin cin abinci, a gaban Fasto, ina riƙe da kwanon gwaza. Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara karanta ni.

Sunana Lanuola, shekarata talatin ba ɗaya, kuma har yanzu ina ɗakin da na girma a gidanmu na Logan, a gefen birnin Brisbane, tsakanin keken ɗinkin Mama da tulin tabarmin da dangi suke aiko mana daga Samoa, ƙasarmu ta asali. Ina aiki a wani kamfanin inshora a tsakiyar Brisbane. Kullum da safe in rataya kati a wuya, in hau jirgin ƙasa, in zauna gaban kwamfuta ina duba koken mutanen da bishiya ta faɗo wa mota ko ruwa ya cika musu falo. Mama tana faɗa wa matan coci wai ni manaja ce. Ni ba manaja ba ce. Amma matar da ta yi shekara ashirin a tsaye a masana'antar kaji, hannu cikin ruwan sanyi, don 'yarta ta zauna a kujera mai juyawa, ba ni da zuciyar da zan gyara mata zance.

Sai kuma Aleki. Ɗan Fastonmu ne, likita a sashen tsofaffi na asibiti, dogo, idan yana dariya ba ka jin sauti sai dai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Babu uwar da take da 'ya a cocinmu da ba ta taɓa aika masa da abinci ba, amma ni ya zaɓa, ni da na taɓa ce masa rigarsa ta yi kama da labulen otal. Tun da muka fara, addu'ar Mama ta safe ta koma gargaɗi.

"Lanu, ki lallaɓa. Yaron nan ɗan babban gida ne. Kada ki fito masa da halin nan naki."

"Wane halin, Mama?"

"Kin san shi."

To, wata uku da suka wuce kamfani ya haɗe sashenmu da wani, aka yi min tayin shugabancin ƙaramin rukuni. Wato ƙaryar Mama za ta zama gaskiya. Kafin kowa ya ba da amsa, sai suka kawo wata mai ba da shawara kan aiki, wai duk mai so ya je ya zauna da ita ya auna kansa. Gaskiya ni na je ne saboda a lokacin aiki ake yi, kuma na ji an ce akwai kek.

Sunanta Noelene, dattijuwar Baturiya mai gajeren farin gashi da takalmin gudu. Ta yi aikin jinya, ta tuƙa babbar mota a wurin haƙar ma'adinai, sannan ta koma wannan. Na zauna na gyara murya, na fara zubo mata irin amsoshin da manya suke so: ina son jagoranci, ina son ci gaba, ina son ƙalubale.

Ta bari na gama, ta turo min farantin kek.

"Wannan amsar ta wa ce?"

"Tawa mana."

"A'a. Wannan ta wanda yake alfahari da ke ce. Na ji ta, tana da kyau. Yanzu ina son taki."

Na cika baki da kek don in sami lokacin tunani. Ba ta ƙyale ni ba.

"Yara ake tambaya me suke so su zama," in ji ta. "Da mutum ya fara ɗaukar albashi sai kowa ya daina tambayarsa, shi ma ya daina tambayar kansa. Ke kina 'yar sha bakwai kika zaɓi hanyar nan, ba ki san kanki ba. Yanzu kin rayu, kina da shaida. Ba cewa nake ki bar aikinki ba, da yawa suna fita daga ɗakin nan sun gane a inda ya dace suke. Amma faɗa min, yaushe rabon da ki yi wani aiki har ki manta da wayarki? Kuma mene ne mutane suke zuwa nema wurinki ba tare da kin yi talla ba?"

Na buɗe baki zan ce shirya biki, sai na ji kaina na ce, "Jana'izar Kawuna."

Na yi dariya don ta san wasa nake. Ita ba ta yi ba.

Kawu Lemeki yayan Mama ne, bara ya rasu. Dangi suka sauko daga Auckland da Apia da Sydney, gida ya cika har a gareji ake kwana. Ɓangare biyu ba sa ga maciji da juna, kowanne yana son a fara karɓar tabarmin da ya kawo na ta'aziyya, kamar yadda al'adarmu take. Matar Kawu ta kasa ko tashi zaune, Mama sai kuka. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga komai ya dawo hannuna. Ni na je asibiti, ni na zauna da masu shirya gawa, ni na tsara wa zai yi magana bayan wa, ni na zaunar da tsofaffi biyu masu gaba a benci ɗaya har suka sha koko a kofi iri ɗaya. Mako guda ban yi barcin kirki ba, amma ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar wannan makon ba. Tun daga nan, duk wanda aka yi wa rasuwa a coci, lambata ake nema.

Na ba Noelene labarin nan duka. Da na ɗaga kai, har an tashi daga aiki.

"Kin lura," ta ce, "da kina maganar jagoranci kina kallon ƙofa. Yanzu kuma kin manta da kek."

"Madam, uwata za ta kashe ni."

"To kin ga ai kin san wa zai shirya komai." Sai a nan ta yi murmushi. "Kada ki ajiye aikinki saboda hira ɗaya. Je ki taɓa abin da hannunki tukuna. Wataƙila na danginki ne kawai kike iyawa."

Haka aka yi na fara zuwa gidan shirya jana'iza na Mista Brennan duk Asabar. A gida na ce kwas ɗin manajoji nake zuwa. Mama har ƙunshin abinci take ba ni. In fita da jan siket da farar riga, in tsaya a gidan mai, in ciro baƙar kot da baƙin siket daga bayan mota in sauya, in naɗe gashina in soke shi da tsinke. Aikina jera kujeru, gyara furanni, buɗe ƙofar mota, da tsayawa kusa da wanda ƙafarsa take neman kasa ɗaukarsa. Akwai wata tsohuwa da ta ce ita za ta taje wa mijinta kai da kanta. Na zauna da ita, na riƙe mata kwalbar man kwakwa, tana tajewa tana yi masa faɗa a kan ya tafi bai gyara famfon kicin ba. Muka yi dariya, muka yi kuka. Da na fito na tarar da kiran Aleki rututu, ni ko tunawa ban yi ina da waya ba.

Shi ma ban faɗa masa ba. Na sani, kada ku fara. Kullum sai in ce gobe.

Yanzu ga inda Gwaggo Fuatino ta shigo. Ƙanwar Baba ce, kuma babu jana'izar da ake yi a Logan ba ta je ba, ko ta san mamacin ko ba ta san shi ba. Tana cewa zumunci ne. Robobin kwasar abincin da take fita da su a jaka su suka san gaskiya. Asabar ɗin da ta wuce mun kai wani dattijo ɗan ƙasar Tonga wani coci can gefen gari, na ce a raina nan kam ba wanda ya san ni. Da yamma ina cire takalmi sai ga saƙo ya shigo.

"Baƙi yana miki kyau, 'yata. Sai gobe."

Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, ta kashe. Na rubuta mata, "Gwaggo, don Allah mu yi magana." Ta karanta, ta turo min hoton fure.

Goben da take nufi kuwa ita ce ranar da Fasto da matarsa za su zo gidanmu cin abincin Lahadi, su buɗe maganar Aleki da ni a gaban manya.

Tun da asuba Baba ya haɗa wutar duwatsu ta gasa abinci a bayan gida, ya jera gwaza da kifi da naman rago, da ƙunshin ganyen gwaza mai madarar kwakwa. Mama ta fito da farantan da ba a taɓawa, ta cire ledar da take kan kujerun falo, abin da ko ranar Kirsimeti ba ta yi. Ta ɗinka mana puletasi iri ɗaya, riga da dogon zani ruwan ɗorawa mai jajayen furanni, nawa ta matse shi a ƙugu har numfashi sai na yi dabara.

"Mama, ba na iya zama."

"Ba zama za ki yi ba, hidima za ki yi. Ki riƙa murmushi, kada ki yi surutu."

Bayan coci suka iso. Fasto a gaba da tumbinsa da fara'arsa, Aleki a baya yana kashe min ido, a tsakiya kuma mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Faletua saboda ita ce matar Fasto. Mace ce siririya, ba ta da yawan magana, idan ta kalle ka sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana firamare. Ba a gayyaci Gwaggo ba, amma ta riga kowa zama, wayarta a kife kusa da farantinta kamar wuƙa.

Aka yi addu'a, aka fara ci. Ina zagayawa da kwano ina lissafi: idan dai zan faɗi, gara in zaɓi inda zan faɗi da kaina. Sai na ce bari in share hanya.

"Baba, wata tambaya aka yi mana a wurin aiki. Wai wane aiki ne idan kana yi kake manta komai?"

Mama ta harare ni. Baba, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa bas, bai ko yi tunani ba.

"Tuƙi. Ko yau aka sake haihuwata bas zan nema. Ina son in ga an shiga, an zauna, na kai kowa inda za shi."

Fasto ya yi dariya ya ce shi da ƙwallon zari-ruga ya so bugawa, gwiwa ce ta kai shi makarantar tauhidi. Na juya wurin Mama.

"Ke fa, Mama?"

"Aiki aiki ne. Wa ya tambaye mu abin da muke so?" Ta ci gaba da yanka nama. Can kuma, ƙasa-ƙasa, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Ɗinki. Da na sami mai tsaya min, da shago na buɗe."

Na yi shekara talatin ba ɗaya a gidan nan ban taɓa jin wannan ba. Baba ma ya ajiye cokali yana kallonta. Ni kuwa har na manta da abin da nake shirin faɗa.

Gwaggo ba ta manta ba.

"Ke fa, Lanu? Ke wane aiki ne yake sa ki manta komai, har da gaishe da gwaggonki?"

Ta juya wayar, ta miƙa wa Mama da hannu biyu kamar mai ba da kyauta.

Hoton ya yi kyau, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Ga ni cikin baƙar kot, hannu ɗaya a kan ƙofar motar gawa, fuskata a natse kamar an haife ni a wurin.

Mama ta daɗe tana kallo.

"Wa ya rasu?"

"Wani dattijo ne, Mama."

"Ɗan uwanmu ne?"

"A'a."

"To me kike yi a jikin motarsa?"

Na ajiye kwanon gwaza na faɗi komai: Noelene, tambayoyinta, Mista Brennan, kwas ɗin manajojin da babu shi. Na ce Mista Brennan ya yi min tayin koyon aikin gaba ɗaya, kuma gobe Litinin zan ce wa kamfani na gode da shugabancin, su ba wani.

 Wayata ta yi motsi a kan kabad kusa da ni, na saci kallo. Aleki ne, daga can ƙarshen tebur, hannunsa a ƙarƙashin mayafin tebur.

"Na ɗauka wani saurayin kike gani ranar Asabar. Ashe suna da yawa, sai dai ba sa magana."

Na ɗago, kafaɗunsa suna ta rawa. Fasto ya ce, "Aleki, me ya ba ka dariya?"

"Baba, ka duba tsarin da kyau. Ni ina sashen tsofaffi. Idan sun fi ƙarfina, Lanu ta karɓa. Kai ka yi musu wa'azi. Gwaggo ta kwashe abincin. Babu wanda zai kuɓuce wa gidan nan."

Fasto ya ƙware da ruwa. Baba ya rufe baki da tafin hannu. Gwaggo ta ce ita fa ba ta son raini, ta jawo jakarta kusa da ƙafa, robobi suka yi ƙara.

Mama ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannuwanta biyu, yatsun nan da sanyi ya lanƙwasa, ta nuna min.

"Waɗannan na lalata don naki su taɓa takarda. Ba gawa ba."

"Mama, ranar Kawu wa ya riƙe ki a bakin kabari?"

"Ke ce. Wannan ɗan uwanki ne."

"Kowa ɗan uwan wani ne. Kuma akwai waɗanda ba su da mai riƙe su."  "Na iya aikin ofis, Mama, ba zan ce ban iya ba. Amma kullum agogo nake kallo. Ba na so in kai shekarunki wani ya tambaye ni a kan tebur, in amsa ƙasa-ƙasa."

Na san na taɓa inda bai kamata ba. Ta tashi ta shige ɗaki, ta ja ƙofa. Baba ya bi ta da ido, ya ce min a hankali, "Ƙarya ce ta fi yi mata ciwo. Ƙunshin abincin nan da asuba take tashi ta yi miki." Wannan ta shige ni fiye da duk faɗan da na yi tsammani.

Sai Faletua ta gyara zama. Ta goge bakinta, ta ninke tsumman hannu, ta dubi mijinta.

"Maganar da ta kawo mu, a bar ta zuwa wani lokaci."

Kafaɗun Aleki suka daina rawa.

"Mama..."

"Na ce wani lokaci."

Na kwashe faranta na gudu kicin kafin hawaye su kunyata ni. Na buɗe famfo, na tsunduma hannu cikin kumfa, ina cewa a raina: shi ke nan, Lanu, kin auna kanki, kin gano kanki, kin rasa miji, kin ɓata wa uwarki rai, duk a kan yankan kek ɗaya. Daga falo ina jiyo Gwaggo tana tambaya ko akwai mai cin sauran kifin.

Na ji an shigo an tura ƙofa. Na ɗauka Aleki ne, na ce ba tare da na juya ba, "Idan wata zolayar ce ka riƙe abarka."

"Ba ni tsumma in taya ki."

Faletua ce. Saura kaɗan farantin Mama ya suɓuce min. Matar da ko kofinta ba a bari ta ɗauka a coci, ta tsaya kusa da ni tana goge faranti. Ina wankewa tana gogewa. Daga kusa na ga yadda rigarta ta yi mata yawa a kafaɗa.

"Na gan ki a jana'izar Lemeki," ta ce. "Na yi shekara talatin da wani abu ina zama a bencin gaba, na ga jana'iza iri-iri. Ban taɓa ganin wadda aka bar matar mamaci ta yi kukanta a natse kamar wannan ba. Na tambaya wa ya tsara, aka ce ke."

"Na gode, Faletua. Na ɗauka ranki ne ya ɓaci."

"Da raina ya ɓaci da kin sani." Ta ajiye farantin. "Na dakatar da maganar ne don ba na so ki amsa min abin da zan roƙe ki a matsayin suruka. Suruka ba ta iya cewa a'a."

Na kashe famfo.

"Akwai jana'izar da nake so ki tsara min. Ba na son hayaniya, ba na son dangin Fasto su mayar da ita gasar tabarmi. Na san waƙoƙin da nake so, na san rigar. Likitocin Sydney sun ce in ga Kirsimeti, sauran kuma sai abin da Allah ya yi."

"Faletua, ta wa..."

"Ke ma kin gane." Ta kama hannuna da kumfarsa, ta riƙe gam. "Fasto bai sani ba. Aleki bai sani ba, shi ya sa na je can nesa inda babu abokansa. Ni zan faɗa musu da bakina, a ranar da na zaɓa. Za ki iya riƙe min?"

Kafin in sami abin cewa, wayata ta yi haske a gefen tukunya. Mu biyu muka kalle ta tare.

"Me Mama take ce miki? Ko in shigo in cece ki?"

Faletua ta saki hannuna, ta ɗauki wani farantin ta ci gaba da gogewa.

"Amsa masa mana," ta ce. "Yana jira."